Shirin Musamman: Maganin Ciwon Mantuwa da Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ke Nunawa



A gidaje da dama akwai dattijon da zai idar da azahar, ya shafa, jim kaɗan ya nemi buta yana tambaya ko an kira salla. Ko tsohuwar da ke kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Mukan ce gigin tsufa ne. Sau da yawa kuwa ciwo ne, galibi irin wanda likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906.

Ƙwaƙwalwa sashe-sashe ce, kuma tunani ba ya haɗuwa sai sassan nan sun isar wa juna saƙo. Duk wanda ya ga yadda ruwan dam ɗin Tiga ke bin magudanai har gonakin Kadawa ya san cewa in hanya ta toshe, shuka za ta yi yaushi ko da dam na cike; haka ƙwaƙwalwa take.

Akwai wani nau'in hoton MRI da ke bin sawun jini a cikin kai. Mutum zai kwanta shiru cikin na'ura, likitoci su ga sassan da ke motsawa tare su lafa tare. A mai wannan ciwo haɗin yakan yi rauni, musamman tsakanin ɓangaren da ke ajiye sabon abu da sauran sassan.

To, me magani ke yi? Donepezil, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, yana hana saurin rushewar asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi. Masu bincike sun ɗauki hoto kafin a fara sha da bayan watanni, suka ga haɗin ya ƙarfafa a wasu wuraren. Sai dai mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma maganin ba ya raya jijiyar da ta mutu, ba ya kuma tsayar da ciwon. Abin da ya rage da rai shi yake taimaka wa. Shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Kada mutumin Riruwai ko Kafin Maiyaki ya ce ina zan ga kuɗin wannan hoto. Kayan masu bincike ne. Likita a Asibitin Malam Aminu Kano ya fi buƙatar bayanin wanda ke kwana ya tashi da mara lafiya: yana gane hanyar masallaci? Yana cin abinci da kansa?

Roƙonmu shi ne, kada a sayi maganin nan a kemis ba da umarnin likita ba, domin yana iya rage bugun zuciya, ya kawo tashin zuciya da gudawa. A riƙa auna hawan jinin iyayenmu, shi ma yana jawo mantuwa. In kun ga alama, ku kai su asibiti da wuri.