Gudu a Kan Tudu Lokacin Hunturu: Abin da Masu Motsa Jiki a Abuja Ya Kamata Su Sani

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, masu sha'awar motsa jiki a Babban Birnin Tarayya kan yi sammako, musamman ranar Asabar, zuwa tuddan Katampe da Mpape da Ushafa domin gudu ko hawan dutse. Sanyin safiya na sauƙaƙa hawa, amma yanayin yana tafe da nasa haɗarin.

A ƙasashen da ake zubar dusar ƙanƙara, gudun tsauni cikin sanyi wasa ne mai ƙa'idoji. A Ingila, tun shekarar 2012 ake gudanar da gasar Spine a watan Janairu, mai nisan sama da kilomita 400 a kan tsaunukan Pennine, kuma a 2019 wata mace, Jasmin Paris, ta riga kowa kammalawa. Masu gudu a can kan sa takalma masu ƙusoshi don kada ƙanƙara ta kwashe su, kuma ana wajabta musu ɗaukar rigar sanyi da fitila da abinci.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a fagen. A shekarar 2005 aka fara gasar gudun tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba, mai nisan kimanin kilomita 11, wadda ta riƙa jawo 'yan tsere daga Habasha da Kenya.

A Abuja babu ƙanƙara, amma akwai abubuwa uku da ke taka rawarta: ƙura, bushewar iska da santsin tsakuwa.

Ƙurar hunturu daga Sahara take tasowa, galibi daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Mai hawa tudu da gudu yakan buɗe baki yana haki, ta haka ƙurar ke tsallake matatar hanci ta wuce kai tsaye zuwa huhu. Wannan na iya tayar da asma, ya haddasa tari da kaikayin maƙogwaro. Shi ya sa yake da muhimmanci a duba sanarwar Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, a kuma ɗage fita ranar da hazo ya yi kauri.

Bushewar iska kuwa yaudara gare ta. Gumi na bushewa nan take, sai mutum ya zaci bai yi zufa ba, alhali ruwan jikinsa na raguwa. Don haka a sha ruwa kafin a fita, a kuma tafi da gora, kada a jira sai ƙishirwa ta kama.

Haɗari na uku a gangara yake. Idan ƙura da ƙananan tsakuwa suka kwanta a kan fa, sukan sa santsi kamar ƙanƙara. A lokacin saukowa cinyoyi sun gaji, gwiwa ce ke ɗaukar nauyin tsayar da jiki, kuma a nan aka fi yin targaɗe ko karaya. Maganinsa shi ne gajerun taku, da takalmi mai ƙasa mai kaushi, da zuba ido a kan inda ƙafa za ta sauka.

Haka nan, ya kamata a ɗumama jiki da tafiya ta kamar minti 10 kafin a fara gudu, a sa riga mai sauƙin cirewa idan rana ta ɗaga. Masu hawan jini ko ciwon zuciya su nemi shawarar likita tukuna, mai asma kuma kada ya bar maganin shaƙarsa a gida.

Saboda tsaro, musamman a tuddan bayan gari, a fita a ƙungiyance bayan gari ya waye, a sanar da iyali inda aka nufa da lokacin dawowa.