Ganyen Gwaza da Kainuwa, da Dalilin da Ruwa Ba Ya Kama Su

 

Duk wanda ya bi hanyar fadama a ƙasar Ruma da sassafe cikin watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, ya san yadda ganyen gwaza ke kwana. Ciyawa ta jiƙe sharkaf, ƙasa ta yi taɓo, amma ganyen gwaza yana nan a bushe, sai ɗigo ɗaya ko biyu a tsakiyarsa, a dunƙule, suna ƙyalli kamar azurfa. In aka karkata ganyen kaɗan sai ɗigon ya gangara ya faɗi, bai bar ko alamar lema ba. Hakanan zogalen da ke bayan kowane gida daga Batsari har Safana, in an tsoma ganyensa ɗanye cikin ƙwarya sai ya fito kusan a bushe. Kainuwa kuwa ta fi su duka, ko an danna ta cikin tafki da sanda sai ta taso kamar ba a taɓa ta ba.

Asalin abin daga halin ruwa ne. Ruwa yana da son kansa, watau sassansa suna jan juna, shi ya sa in an cika kofi a hankali sai ruwan ya ɗan yi tozo bisa baki bai zube ba. In ɗigo ya faɗa kan abin da ke jansa fiye da yadda ya ke jan kansa, kamar ƙasa ko tsumman auduga, sai ya baje. In kuwa ya faɗa kan mai ko kakin zuma, waɗanda ba su jansa sosai, sai ya tattara kansa ya dunƙule. To, fatar kowane ganye tana da wani kaki na halitta, siriri ƙwarai. Shi ne farin garin nan da ke goguwa a hannu daga jikin karan dawa da ganyen tumfafiya.

Amma fa kaki shi kaɗai bai isa ba. Ganyen bado ma yana da shi, ga santsi, alhali kuwa ruwa ba ya gudunsa kamar yadda ya ke gudun gwaza. An daɗe ana zaton santsi ne ke hana jiƙewa, ashe akasin haka ne. Wani masanin tsire-tsire na Jamus, Wilhelm Barthlott, ya shiga duba fatar ganyaye tun shekarun 1970 da wani madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, sai ya lura ganyayen da suka fi zama tsab su ne masu kaushi. A shekarar 1997 shi da abokin aikinsa Christoph Neinhuis, a Jami'ar Bon, suka buga bayanin abin. Tsiron da suka fi dogara da shi wani ne na tafkunan Hindu da Sin da Turawa ke kira lotas, mai kama da bado ko da ya ke ba danginsa ba ne, sa'an nan gwaza ma yana cikin waɗanda suka duba. Suka tarar fuskar ganyen cike ta ke da ƙananan tuddai, waɗanda in aka jera kamar biyar za su yi kaurin silin gashi ɗaya, kuma bisa kowane tudu akwai tsinkayen kaki da suka fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Mai karatu ya tuna da tukunya bisa murhu. Duwatsu uku kaɗai ta taɓa, sauran gindinta duk iska ce. Haka ɗigon ruwa ya ke zama bisa ƙolin tuddan nan, abin da ya taɓa na ganyen bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 na gindinsa ba. Iskar da ke maƙale ƙarƙashinsa ita ce ke ƙyallin nan na azurfa. Masana suna auna dunƙulewar ɗigo da daraja, irin ta masu ilmin falaki: in ta haura 150 sai a ce ganyen ya kai matuƙa wajen ƙin ruwa, na lotas kuwa yana kai wajen 160. Hisabin wannan ya riga Barthlott, domin tun 1944 Cassie da Baxter suka fid da shi a Ingila, suna neman hanyar da tufa za ta ƙi ruwa. Ita kainuwa da gashi ta ke riƙe iskarta, gashi mai laushi kamar karan-miski, shi ne kuma ke taimakonta ta yi iyo.

Amfanin wannan ga tsiro babba ne. Ƙura ba ta samun wurin kamawa bisa tuddan, saboda haka ɗigo in ya gangara sai ya kwashe ta ya tafi da ita. Mafi muhimmanci, ƙwayoyin funfuna da ke kawo ciwon ganye galibi sai sun sami lema mai daɗewa kāna su tsiro, ganyen da ba ya jiƙa kuwa ya hana su wannan. Kakin nan kuma yana rage ficewar ruwa daga cikin tsiro, yana daga cikin dalilan da dawa ke jure fashin ruwa, tumfafiya ta yi kore shar a tsakiyar bazara.

Almajirai sun san wani yanki na wannan ilmi ba tare da sun sa masa suna ba. Allon da maiƙon hannu ya taɓa, tawada ba ta kwanciya kansa, sai ta yi ta dunƙulewa har a wanke shi. Baƙin tukunya kuma in aka zuba shi cikin ruwa tsura ba ya son haɗuwa, sai an sa ƙaro ya sulhunta su. Wanda ya so gani da idonsa ya kara cokali bisa harshen fitila har ya yi baƙi ƙirin, ya bari ya huce, ya ɗiga masa ruwa, zai ga ɗigon yana birgima kamar bisa gwaza. Malaman fiƙihu ma sun lura da wannan hali, shi ya sa a bābin alwala a ke umurtar mutum ya kankare kaki ko abin da ke tsare ruwa daga fata, Malikawa kuma suka wajabta cuɗawa.

Inda abin ya shafi aljihu shi ne wajen feshi. Manomin rani ya kan sayi maganin ƙwari da kuɗi mai tsada, ya fesa wa albasa ko kabeji, bayan kwana uku ya tarar da ƙwarin suna nan, ya komo kasuwa yana ce wa mai shago ya sayar masa da jabu. Jabu akwai shi, ba a musu, amma sau da yawa maganin na ƙwarai ne, ganyen ne bai karɓa ba. Albasa da kabeji masu kaki ne, abin da aka fesa ya gangara ƙasa, wani ma ya bi ruwa zuwa rijiya. Saboda haka ne a ke sayar da wani ruwa dabam da a ke gauraya wa magani, aikinsa ya karya son kan nan na ruwa don ɗigo ya baje. Ya kamata ɗan kasuwa ya san shi, ya karanta takardar jikin kwalba ya gaya wa mai saye ko maganin yana buƙatarsa. Waɗansu kan zuba sabulun wanki a madadinsa da ƙiyasi. Lalle sabulu yana sa ruwa ya kama, amma in ya yi yawa sai ya ɓata kakin, ganye ya ƙone ko ciwo ya sami ƙofa.

Kakin nan ba ya jure murza. In aka goge gefe ɗaya na ganyen gwaza da yatsa aka zuba ruwa, gefen da aka goge zai jiƙe, ɗayan ya tsaya a bushe, ko da ya ke ganye mai rai ya kan sake fid da wani kakin. Nan ne Turawa suka gamu da wuya. Sun kwaikwayi ganyen, har a 1999 aka fito da fentin bango mai suna Lotusan a Jamus, wanda ruwan sama ke wanke ƙurarsa, aka kuma yi yadi da rufin ɗaki a kan wannan tsari. Amma yadin da a ke sawa a ke wankewa, tuddansa suna gogewa da yau da gobe, kuma ba su sake tsirowa. Mai sayen irin wannan yadi don ya sayar sai ya tambayi wanki nawa ya ke jurewa kafin ya biya.