Shin Turawa ne suka ɗora Bafulatani a kan Bahaushen Zamfara?

Wani saƙon murya na ta yawo a wayoyin mutane daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, ana tura shi a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na dangi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya cika saƙon da da'awa. Wai yarjejeniyar haɗe Nijeriya ta 1914 ta shekara ɗari ce, ta ƙare tun 2014: wannan tsohuwar ƙarya ce, babu takardar da ta ce haka. Wai jiragen Faransa ke sauke wa 'yan bindiga makamai a dajin Sububu: har yau ba wanda ya kawo hujjar da za a riƙe. Waɗannan ba su cancanci dogon bayani ba. Wadda ke iya zubar da jini ita ce ta uku, cewa Turawa ne suka ɗauko Fulani suka ɗora a kan Hausawa, don haka Bafulatanin ruga da ɗan bindiga da mai rawani duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma lokacin ramuwa ya yi.

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya karya wannan magana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi a 1804, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, sojojin Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, kuwa sai a Maris na 1903 suka shiga Sakkwato. Kusan shekara ɗari ke tsakani. Turawa sun tarar da daular Sakkwato a tsaye, suka yaƙe ta, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a wannan shekarar. Daular Zamfara ma ba Bature ya rushe ta ba, ba kuma Bafulatani ba: Gobirawa ne suka ci Birnin Zamfara tun kafin jihadi, Bahaushe ya ci ɗan'uwansa Bahaushe. Ko rikicin da Mafara ta yi da Sakkwato a 1891, wanda Sarkin Musulmi Abdurrahman ya murƙushe da ƙarfi, tawaye ne a kan biyayya da gaisuwa ga sarauta, kuma an yi shi babu Bature ko ɗaya a fagen.

Mai saƙon zai ce, to ai Turawa sun riƙe sarakunan sun yi mulki ta hannunsu. Haka ne, kuma nan ne gaskiyar da ya jingina ƙaryarsa a kai. Mulkin En'e ya ƙara wa sarki da hakimi ƙarfin da talaka ba ya da hanyar tuhuma, dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasa a hannun gwamna, aka shata gandun daji aka hana mutane shiga. Wannan gado ne na gaske, muna kuma ɗanɗana shi. Amma a tambaya, wa tsarin ya tatsa? Manomi ya biya haraji, makiyayi ya biya jangali a kan kowace saniya, har wasu suka riƙa tsallaka iyaka da garkensu don gudun masu ƙidaya. Bafulatanin daji bai taɓa zama a majalisar En'e ba. Haɗa shi da mai fada don kawai sunan ƙabila ɗaya ne, ko dai jahilci ne ko mugunta, kuma mai wannan murya bai yi kama da jahili ba.

Ya kuma kawo Ruwanda, inda Turawan Beljiyam suka rubuta Hutu da Tutsi a katin shaida tun shekarun 1930, abin da ya taimaka wajen kisan kiyashin 1994. A can da'awar tana da tushe. A nan ba a yi irin wannan kati ba, auratayya kuma ta cakuɗa gidaje har mutum ya rasa inda zai ja layi a cikin zuriyarsa. Abin da ya fi kama da Ruwanda a wannan lamari shi ne saƙon kansa, domin da irin wannan murya a rediyo aka shirya zukatan mutane a can.

Wanda aka sace wa 'ya a Jangebe a Fabrairun 2021, ko ɗa a makarantar Kaya ta Maradun ko kwalejin noma ta Bakura a wannan shekarar, ko wanda ke biyan kuɗin noma kafin ya taka gonarsa, ba a ga laifinsa in ya nemi bayani mai sauƙi. Gaskiya ne kuma yawancin jagororin daji da aka sani Fulani ne. Ɓoye hakan ba ya taimakon kowa. Sai dai sanadin da ake iya nunawa da yatsa na kusa ne. Madatsar Bakolori da kamfanin Impresit ya gina ta raba dubban manoma da gonakinsu, da suka yi bore a 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, shekara ashirin bayan tafiyar Bature. An rabar da burtali da wuraren kiwo aka mayar gonaki bayan 1999. An bar satar shanu babu hukunci, 'yan sa-kai suka riƙa yanka Fulani a kasuwa ba shari'a, makamai suka kwararo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, zinariya ta kawo kuɗi. Kwamitin tsohon Sufeton 'Yan Sanda M.D. Abubakar ya miƙa rahoto a 2019, ya kuma nuna hannun wasu masu sarauta da jami'ai a ciki. Saƙon da ya yi ta ɗora wa Turawa laifi bai ambaci wannan rahoto ko sau ɗaya ba, kuma rugagen da yake nuna wa matasa su ne waɗanda ɓarayin daji suka fara kwashe wa shanu.