Kuɗin mishon: a kan wa almakashi ke faɗawa?

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Difa kuwa fiye da 1300. Ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1.267.000, aka kuma tara ministocinta da daraktocinta da baitulmalinta a kusurwar yamma, ba makawa ma'aikatanta su hau hanya. Saboda haka ba mai gardama a kan tafiyar aiki. Gardamar tana kan kuɗinta, da wanda ke cin su, da wanda ake hana ma duk lokacin da aka ce a tsuke bakin aljihu.

A ƙa'ida ma'aikaci ba ya fita sai da takardar mishon wadda shugabansa ya sa ma hannu. A cikinta ana rubuta inda za shi, da dalilin tafiyar, da ranar tashi da ta komowa, da lambar mota. In ya isa, hukumar wurin ta buga mata kashe, ranar barin garin a sake bugawa. Da ita ake biyansa kuɗin kwana gwargwadon muƙaminsa da yawan ranakun. Bayan wannan ga bon na mai, ga kuɗin kwanan direba, kuma a inda tsaro ya taɓarɓare, kamar wasu sassan Tilaberi da Difa, ga nauyin rakiyar sojoji.

Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan lissafi. Babbar kat-kat mai shan lita 15 a kowane kilomita 100, in ta je Damagaram ta komo, ta sha lita 270 ke nan. A kan farashin da aka tsaida a 2024, wato faran 618 litar gazuwal, mai kaɗai ya haura jikka 166, ba a yi zancen taya da bakin mai da hannun makaniki ba. Wannan kuɗi ya isa a kai mutum huɗu cikin bas a dawo da su. Amma sau nawa ake ganin motoci uku na ofisoshi uku sun bar Yamai da asuba ɗaya, za su taro ɗaya, kowace da mutum guda a kujerar baya?

Cutar ba ta yau ba ce. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake biya da kuɗin waje, daga tikitin jirgin Paris har kayan gyaran mota, ya tashi. A shekarun nan kuma ma'aikata suna bin gwamnati bashin albashi na watanni. Mai iyali da ya kwana uku bai ga albashi ba, in takardar mishon ta zo hannunsa, ba aikin yake fara dubawa ba, buhun hatsi yake gani. Tun daga nan kuɗin kwana ya zama albashi na biyu, neman shiga jerin matafiya kuma ya zama sana'a. Masu ba da tallafi na ƙetare, da yawan tarurrukansu na ƙara ma juna sani, sun ƙara ma wutar itace. Kowa a bariki ya san dalilin da ya sa taron da mahalartansa duka ƴan Yamai ne ake kai shi Doso: sai an bar gari kuɗin kwana ke halatta. An kuma san mishon ɗin kwana biyar da ake gamawa cikin biyu, da takardar da ke zuwa a buga mata kashe alhali mai ita bai bar gida ba.

Gwamnatoci ba su daina cewa za su rage ba. Maƙwabciya Najeriya ta hana jami'anta fita waje da kuɗin gwamnati har wata uku daga Afrilu 2024, bayan surutun da yawan tawagarta ya tayar a taron yanayi na Dubai a ƙarshen 2023. A Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo baya, an datse kasafin kuɗin shekarar da wajen kashi 40 cikin ɗari. Tun kafin nan ma, a 2020, annobar korona ta rufe iyakoki, aka yi tarurrukan shugabanni da na ministoci ta allon kwamfuta, kuma duniya ba ta tashi ba.

Sai dai abin dubawa shi ne inda almakashin ke faɗawa. In aka ce kowace ma'aikata ta rage kashi kaza, babba ne ke zaɓen abin da za a rage, kuma da wuya ya fara da tikitinsa. Man moton sufeton lakwal ne ke fara ƙarewa, sai na malamin gona, sai na malamin dabbobi da ya kamata ya riski makiyaya a bakin rijiya kafin su tashi. Irin wannan tafiya ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi amfani. Lakwal ɗin ƙauyen da sufeto bai leƙa ba shekara guda, ba mai sanin ko malaminta yana nan. Garken da ba a yi ma allura ba, asararsa tana isa kasuwar dabbobi, daga mai shi har dillali. Ƙaramin ma'aikacin nan kuma sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake tafiya, ya komo yana zarya ofishin biya wata da watanni. Mai gidan mai da mai masauki da suka ba gwamnati bashi suna cikin layin nan tare da shi.

Hanyoyin ragi na gaskiya ba ɓoyayyu ba ne. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ake zancen kai mulki kusa da talaka; da za a bar ma daraktocin jahohi ikon sa hannu da kuɗin aikinsu, da rabin tafiyar Yamai ta mutu da kanta, don takardar da za a warware a Maradi ba ta bukatar kilomita 660. Ma'aikatun da za su gari ɗaya su haɗa mota. Tafiyar mutum ɗaya a kan gudron, inda bas ke bi kullum, a biya tikiti. Taron da magana ce kawai, a yi shi ta intanet inda layi da wuta suka samu. Kada a ba kowa sabuwar takarda sai ya ajiye rahoton ta baya. A kuma raba asusun tafiyar karkara da na tafiyar ƙetare, yadda in an zo yanka ba za a haɗa man moto da otel ɗin Turai cikin ƙwarya ɗaya ba.

Mafi wuya shi ne zancen albashi. Muddin kuɗin kwana biyar na mishon yana cike ma ma'aikaci giɓin ƙarshen wata, zai nemi tafiyar, shugabansa kuma zai riƙa raba ta ga waɗanda yake so. Ministan kuɗin da ya datse mishon bai dubi wannan ba, zai tarar da kuɗin sun sake fitowa a wani layi na kasafi, da sunan horo ko na bin diddigin ayyuka.