Tiyatar Rage Ƙiba: Yadda Nauyi Ke Raguwa da Abin da Ya Kamata a Tsammata

Harshen Hausa bai ɗauki ƙiba a kan cuta ba. In an ce mutum ya yi ƙiba, ko ya murmure, ko ya ajiye teɓa, galibi yabo ake nufi, ko kuwa zolaya irin ta wanda ake ganin ya sami daula. Kalmar da ke ta da hankali ita ce rama, domin wanda aka ce ya rame, to, tambayar da ke biye ita ce me ya same shi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in Bahaushe ya ji wani banbaraƙwai da ya sami labarin cewa akwai mutanen da ke kai kansu asibiti, su biya maƙudan kuɗi, a yanke musu tumbi don su rame. Amma ƙibar da ake wa tiyata dabam take da wadda ake yabo. Ita wannan ƙiba ce wadda ta kai ga jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi cikin barci, wadda kuma rage cin abinci da motsa jiki suka kasa shawo kanta shekara da shekaru.

Likitoci suna auna wannan ƙiba da wani lissafi mai sauƙi, watau a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita, sa'an nan a sake raba abin da ya fito da tsawon nan. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne matsakaicin jiki, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. A 1991 wani taron masana na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka ya tsai da cewa ana iya yi wa mutum tiyata in lissafinsa ya kai 40, ko kuwa 35 in akwai wata cuta da ƙibar ta haddasa. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta, suka mai da shi 35 ko da babu wata cuta, da kuma 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa.

Aikin ya daɗe fiye da yadda ake zato. Tun a shekarun 1950 aka fara gwada tsallake yawancin ƙaramin hanji don abinci ya wuce ba tare da jiki ya tsotse shi ba. Mutane sun rame ƙwarai, amma gudawa da ciwon hanta da tsakuwar ƙoda suka sa aka yi watsi da hanyar. A 1966 Edward Mason na Jami'ar Iowa ya soma abin da za a iya kira tiyatar ratse, inda ake ware wani ɗan aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji, abinci ya bar sauran tumbin a gefe. A yau aljihun bai fi girman ƙwan kaza ba. A 1994 aka buga rahoton farko na yin wannan aiki ta 'yan ƙananan huji da na'ura mai kyamara maimakon tsaga ciki. Sai kuma tiyatar tsuke tumbi, wadda a yanzu ta fi kowace yawa a duniya, inda ake yanke wajen kashi 80 cikin ɗari na tumbin a fitar, a bar siriri mai siffar ayaba.

To, nawa mutum zai rage, kuma cikin wane lokaci? A nan ne yawancin ɓacin rai ke tasowa, domin abin da majiyyaci ya ƙudurta a ransa da abin da likita ke kira nasara ba safai suke zama ɗaya ba.

A ƙaddara ga wani magidanci mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 130. Lissafinsa ya kama 45. Da zai sauka zuwa 25, sai nauyinsa ya zama kilo 72, watau ke nan yana ɗauke da rarar kilo 58. Da yawa daga masu shiga tiyata suna ɗauka cewa wannan rara duka za ta tafi. Alhali kuwa likitoci sun daɗe suna kiran aikin nasara in rabin rarar ya tafi. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Finlan a kan mutum 240, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, an tarar bayan shekara 5 masu tiyatar ratse sun zubar da kimanin kashi 57 cikin ɗari na rararsu, masu tsuke tumbi kuma kashi 49. In magidancin nan ya zubar da kashi 60 na tasa rarar, kilo 35 ke nan, ya tsaya a kan 95. Lissafinsa ya koma 33, wanda har yanzu a littafin likita sunansa ƙiba. Ga likitansa aiki ya yi kyau matuƙa. Shi kuwa, in ba a zaunar da shi an yi masa wannan lissafi tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ba, zai dubi sikeli ya ce an cuce shi.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata ɗalibi ya kiyaye shi wajen karanta alƙaluma. Wani rahoton yana magana ne a kan kashi nawa na rara, wani kuma a kan kashi nawa na dukan nauyi. Kilo 35 ɗin nan kashi 60 ne na rara, amma kashi 27 ne kacal na kilo 130. Abu ɗaya ne aka faɗa ta hanya biyu, kuma mai neman ciniki ya san wadda ta fi daɗin ji.

Game da sauri kuwa, raguwar ba ta tafiya bai ɗaya kamar albashi. Tana farawa da gudu, ta koma sassarfa, ta koma tafiya, sa'an nan ta tsaya. A kwanakin farko ma mutum kan fito daga asibiti ya tarar ya fi yadda ya shiga nauyi, saboda ƙarin ruwan da aka yi masa da kumburin aiki, wanda kan sace cikin mako guda ko makamancin haka. Daga nan sai sikeli ya yi ta sauka kullum. A bisa galibi, wajen rabin dukan abin da mutum zai rage yakan tafi ne cikin wata 3 na farko, wajen kashi uku cikin huɗu kuma kafin wata 6 ya cika. Ragowar sai ta ɗauki wata 6 zuwa shekara guda tana tsiyaya. Ga magidancin da aka yi misali da shi, wannan na nufin kamar kilo 17 a wata 3 na farko, kamar 9 a wata 3 na biye, sa'an nan sauran 9 su riƙa fita kilo ɗaya ko ɗaya da rabi a wata.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Kilo guda na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. A ce jikin magidancin yana ƙona 2,800 a yini, shi kuwa bayan tiyata ba ya iya cin abin da ya wuce 800. Giɓin 2,000 a yini ya zama 14,000 a mako, kusan kilo 2 ke nan. Amma bayan watanni jikin ya ƙanƙance, ƙaramin jiki kuwa ba ya cin makamashi kamar babba, kamar yadda ƙaramar mota ba ta shan mai kamar tirela. Daɗin daɗawa, jikin da ya ga yana ramewa yakan ƙara tsimi fiye da yadda girmansa kaɗai zai sa. A gefe guda kuma kumburi ya sace, tumbi ya saki, ci ya ƙaru. In ƙonawa ta sauko 2,200, ci ya hau 1,500, giɓin ya zama 700, wanda bai kai kilo ɗaya a mako ba. Ran da biyun suka haɗu, raguwa ta ƙare.

Wani abu da ke firgita kusan kowa shi ne tsayawar da kan auku wajen mako na 3. Mutum yana shan ruwa-ruwa 'yan cokula, ga shi sikeli ya kafe kwana 7 ko 10, wani lokaci har fiye. Sai zullumi ya shiga, ya ce ko aikin bai yi ba. Abin da ya faru shi ne, babban rabo na nauyin da ya zube a makon farko da na biyu ruwa ne. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, kowane giram nasa kuwa yana riƙe da wajen giram 3 na ruwa. Da abinci ya yanke, sai a cinye ajiyar, ruwan ya bi fitsari. Daga baya jiki ya shiga mai da ruwansa, nauyin ruwan da ke dawowa ya rufe na kitsen da ke fita. Kitse na nan yana narkewa, sikeli ne bai iya bambanta su ba. Irin wannan tsayawa takan maimaitu sau da yawa cikin shekarar, shi ya sa igiyar awo ta tela da ramin ɗamara sukan fi sikeli faɗin gaskiya a irin waɗannan makonni. Hawa sikeli sau ɗaya a mako ya wadatar.

Kada kuma a ɗauka ƙanƙantar tumbi ce kaɗai ke aiki. A 1999 masu bincike a Japan suka gano wani sinadari mai suna girelin, wanda ke ta da yunwa, kuma yawancinsa daga saman tumbi yake fitowa, daidai wurin da ake yankewa a tiyatar tsukewa. Haka nan in abinci ya isa ƙasan hanji da wuri, hanjin kan saki sinadaran da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, su kuma taimaka wajen sarrafa sukari. Wannan ne ya sa mai ciwon sukari kan ga sukarinsa ya sauka cikin 'yan kwanaki bayan tiyatar ratse, tun bai rage wani nauyin kirki ba. Amma wannan rangwame na yunwa ya fi ƙarfi a shekarar farko, daga baya sha'awar abinci takan dawo gwargwado.

Mutane ba sa tafiya da sauri ɗaya. Wanda ya fi nauyi tun farko yakan zubar da kilo masu yawa, maza sukan riga mata, matasa su riga dattawa, mai ciwon sukari kuma yakan ɗan yi baya. Wasu magunguna ma suna riƙe nauyi. Mace mai kilo 105 da ke gwada kanta da namiji mai 160 don an yi musu aiki rana ɗaya, neman baƙin ciki kawai take yi.

Shi saurin ma ba alheri ba ne zalla. Raguwa mai gaggawa tana haifar da tsakuwa a matsarmama, har likitoci da dama kan ba da maganin riga-kafi na wata 6. Gashi kan zube tsakanin wata na 3 da na 6, ko da yake yakan sake tsirowa. Tsoka na tafiya tare da kitse in ba a sami furotin isasshe ba, abin da ake nema kuwa shi ne akalla giram 60 a yini, daga ƙwai da kifi da nama da nono da wake. Amai da ya ƙi tsayawa yana iya ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni ya taɓa ƙwaƙwalwa, don haka ba abin da za a zauna da shi a gida ba ne. Ana kuma shawartar mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Wanda ya ƙuntata wa kansa fiye da yadda aka tsara masa don ya ga sikeli ya yi sauri, tsokarsa yake sayarwa da araha.

Saura batun da ba a cika son faɗa ba, watau dawowar nauyi. Ɗaya daga cikin binciken da suka fi daɗewa shi ne na ƙasar Suwidin, wanda aka fara a 1987, aka bi mutum 2,010 da aka yi wa tiyata da 2,037 da ba a yi wa ba. Masu tiyatar ratse sun kai ƙarshen raguwarsu tsakanin shekara 1 da 2, inda suka rage kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu. Bayan shekara 10 ragin ya tsaya a kashi 25. Waɗanda ba a yi wa aiki ba kuwa nauyinsu bai gusa da abin a zo a gani ba. Wani binciken na Amurka a kan mutum 1,406, da aka buga a 2018, ya nuna cewa shekara 5 bayan kai wa ƙarshen raguwa, matsakaicin mutum ya mai da wajen rubu'in abin da ya zubar. Ke nan magidancin da ya sauka 95 yana iya wayar gari a kan 103 ko 104 bayan wasu shekaru, kuma wannan bai fita daga abin da aka saba gani ba. Duk da haka, rahoton Suwidin na 2007 ya nuna mace-mace sun ragu da wajen kashi 29 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata.

Abin da ke mai da ƙaramar dawowa ta zama babba galibi ba tuwo ba ne, domin tuwo da nama suna cika ɗan tumbin nan da nan. Abin sha ne. Lemon kwalba da kunun zaƙi da fura mai sukari da shayi mai kaurin madara suna zurarewa ba tare da sun tsaya ba, haka ma ciye-ciyen cincin da biskit tsakanin abinci. Mutum na iya shan kalori 1,000 a yini ta wannan hanya yana rantsuwa bai ci kome ba. Azumi ma yana bukatar shawarar likita, musamman a shekarar farko, saboda mai sabuwar tiyata ba ya iya kwankwaɗar ruwa mai yawa a zama ɗaya, kurɓa-kurɓa yake yi yini zubur, ga shi kuma tsakanin magariba da asuba lokacin bai da yawa.

Masu hali daga wannan yanki sukan tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya a yi musu aikin, su dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Nan akwai giɓi babba, domin duk abubuwan da aka ambata, daga tsayawar mako na 3 har zuwa dawowar nauyi, suna faruwa ne bayan an sauka daga jirgi. Wajibi ne mai niyyar tafiya ya sami likita a gida tun kafin ya tashi, ya kuma dawo da cikakken rahoton irin aikin da aka yi masa, domin za a riƙa auna jininsa a duba sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da bitamin D da alli, sau da yawa a shekarar farko, daga nan kuma akalla sau ɗaya kowace shekara muddin ransa.