Ɗanku Yana So Ya Tuƙa Jirgin Sama?

Tun da aka yi filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, jirgi ya daina zama abin da mutanen ƙasar Gwandu suke ji a labari kawai. A watan Mayu na 2024 ma daga nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi. Yaran Gwandu da Kalgo suna jin ƙugin jirage a bisa kansu. Ba abin mamaki ba ne fa in yaro ko yarinya ta ce, "Baba, ni tuƙin jirgi zan koya."

Waɗansu iyaye sukan yi dariya su wuce. Waɗansu kuwa nan da nan sai su shiga lissafin abin da fadamarsu za ta yi in an sayar. Dukansu sun yi garaje. Aikin yana yiwuwa ga ɗan talaka, amma hanyarsa tana da matakai, wanda ya tsallake na fari kuwa yakan yi hasarar dukiyar gida duka.

Mataki na fari wurin likita yake. Kafin a biya ko kwabo a wata makaranta, a kai yaron wurin likitan da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, ta amince da shi, ya yi masa gwaji mai daraja ta ɗaya. Za a duba zuciya, da hawan jini, da ji, da gani. Sa tabarau ba ya hana mutum tuƙi in dai yana gani sosai da shi. Amma wanda ba ya rarrabe ja da kore, ko mai farfaɗiya, ko mai ciwon sikila, da wuya ƙwarai ya sami wannan takarda. Yara da yawa ba su san ba su rarrabe launi ba sai ranar gwaji. Gara a sani tun shanu suna garke. A makarantar sakandare kuma a tabbata ya ci darussa biyar da kyau, a cikinsu har da Turanci, da Lissafi, da Fiziks. Turancin nan ba na ado ba ne, gama da shi ne matuƙi yake magana da masu ba da hanya daga hasumiya.

Sa'an nan sai a zaɓi hanya. Wadda ta fi kusa da mu ita ce Zariya. An kafa Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama a can a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce kuma ta horar da matuƙa masu yawa na kamfanin Nigeria Airways wanda ya rufe a 2003. A can ne Kyaftin Chinyere Kalu ta koya, mace ta fari a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, daga baya har ta shugabanci kwalejin daga 2011. Saboda haka kada wani ya ce wa 'yarsa wannan aikin maza ne. Akan shiga ta jarrabawa da ganawa, karatun kuwa yakan ɗauki wajen shekara biyu. Yakan wuce haka, domin sabon ɗalibi ba ya tashi sai yana ganin ƙasa, hazon hunturu da hadarin damina kuwa ba su jin roƙo. Akwai wata kwalejin kuma a Ilorin, ta gwamnatin jihar Kwara. Amfanin koyo a gida shi ne da naira ake biya, lasin kuma na ƙasarmu ne.

Hanya ta biyu ta soja ce. Yaro ya shiga Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, ya faɗa ɓangaren mayaƙan sama, gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ba kowane hafsa ake zaɓa ya yi tuƙi ba. Wanda aka zaɓa kuma soja ne da gaske, za a tura shi inda ake yaƙi, zai kuma yi shekaru yana hidima kafin ya yi zancen kamfani. Wanda ba ya son aikin soja don kansa, kada a tura shi can don neman araha.

Ta uku ita ce ƙasashen waje, musamman Afirka ta Kudu da Amurka. Akan gama da sauri a can domin jiragen koyo suna da yawa. Amma kuɗin da ake biya na waje ne. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Gidan da ya yi lissafinsa kafin wannan canji ya tarar kuɗin ya ninka sau uku, yaro kuwa yana tsakiyar karatu. In ya dawo kuma sai ya sāke jarrabawa domin a juya lasin ɗinsa ya zama na Nijeriya.

Ko ta wace hanya aka bi, da awoyin tashi ake auna matuƙi. Lasin na fari, wanda mutum yake tuƙa ƙaramin jirgi don kansa ba don albashi ba, yana bukatar awa 40. Na kasuwanci yana bukatar awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, tare da koyon tuƙi cikin gajimare da na'ura kaɗai, da sarrafa jirgi mai inji biyu. Wanda zai zama kyaftin na babban jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500.

A nan ne iyaye da yawa ba a gaya musu gaskiya. Lasin kasuwanci ba ya sa mutum a kujerar Boeing 737. Kowane babban jirgi yana da horonsa dabam, da shaidarsa dabam, ana yinsa a cikin na'ura mai kwaikwayon jirgin, kuɗinsa kuma dalar Amurka dubbai ne. Kamfanoni da yawa suna so sabon matuƙi ya zo da wannan shaida a hannunsa. A zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, jihar Kano ta aika matasa 100 zuwa Jodan su koyi tuƙi. Sun koya, sun dawo da lasin. Amma da yawansu sun yi shekaru ba su sami jirgin da za su tuƙa ba, ɗaya daga cikin manyan dalilan kuwa shi ne rashin wannan shaida ta ƙarshe. Zaman jira kuma ba kyauta ba ne, gama takardar likita tana ƙarewa kowace shekara, hannu kuma yana mantuwa. In gwamnati mai baitulmali ta gamu da wannan, ina ga manomin albasa?

Shawararmu ga gidan da ba shi da wadata ita ce, kada a yi gaggawa. Ana barin matuƙi ya yi aikin jirgin fasinja har ya kai shekara 65, don haka wanda ya fara yana da 23 bai makara ba. Bari yaro ya fara samun digiri kusa da gida, a Jami'ar Tarayya da take Kalgo ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, yana neman tallafin gwamnati ko na kamfani a lokacin. In wata rana likita ya ce idonsa ko zuciyarsa ta gaza, yana da abin yi. Kwalejin Zariya ma tana koyar da gyaran jirage da aikin hasumiya, kuɗinsu kuma bai kai na tuƙi ba.

In kuwa an tsai da shawara a kan wata makaranta, uba ko kawu ya tafi da ƙafarsa ya gani. Ya tambaya jirage nawa ne suke tashi a wannan mako, ba nawa ne suke ajiye a rumfa ba. Ya tambaya ɗaliban da suka shiga shekara uku da suka wuce, nawa suka gama, ina suke aiki yanzu. Ya nemi a rubuta masa a takarda abin da kuɗin ya ƙunsa, da abin da za a mayar in yaro ya kāsa. Ya kuma roƙa a bar shi ya riƙa biya kashi kashi, bisa ga awoyin da yaron ya tashi.