Dattin Nukiliya a Jikin Gilashi

Tun ina yaro nake mamakin koriyar kwalba. Ka dirje ta da toka, ka bar ta shekara a rijiya, korenta na nan daram. Ashe ba shafa launin aka yi ba, ƙarfe ne ya narke tare da yashi ya zama jikin kwalbar. Da wannan dabara Faransa ke ɗaure dattin nukiliyarta mafi haɗari, tun da ta fara a Marcoule a 1978.

Idan sandunan yuraniyom sun gama aiki a tashar lantarki, ana kai su La Hague, a gaɓar teku, a narkar da su cikin asid, a tsame yuraniyom da fulutoniyom don sake amfani. Abin da ya saura ruwa ne mai zafin kansa, wanda tiririnsa zai kashe duk wanda ya matso. Ruwa kuwa ba shi da amana. A Hanford ta Amurka akwai tankuna 177 binne da dattin ƙera bama-bamai, kuma wasunsu sun yi yoyo cikin ƙasa.

Shi ya sa a La Hague ake busar da ruwan a cikin bututu mai juyawa har ya koma gari. A Sellafield ta Ingila har sukari ake zubawa, don kada wani sinadari ya gudu cikin hayaƙi. Na daɗe ina dariyar wannan. Daga nan a gauraya garin da ɓarɓashin gilashi mai boron, dangin kwanon gashin nan da zafi ba ya fasawa, a narka a kusan digiri 1,100, a tsiyaya cikin tulun ƙarfe mara tsatsa, tsayinsa mita 1.3, mai cin kusan kilo 400, a walde bakinsa. Babu hannun da ke taɓawa. Ta bayan bango mai kauri ma'aikata ke sarrafa hannuwan ƙarfe, suna leƙe ta taga.

"To, gilashi ba ya fashewa?" Yana tsagewa mana, tun yana hucewa ma. Amma ba fashewa ake tsoro ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ake tsoro, shi kuwa cin gilashi yake yi a hankali ƙwarai. Gubar dai ba ta mutu ba, turke ta aka yi, shi ya sa ake shirin binne tulunan a Bure ta Faransa, mita 500 cikin yumɓu. A Ostireliya kuma, Ted Ringwood ya fito da Synroc a 1978, dutsen haɗi mai kwaikwayon ma'adinan da suka riƙe yuraniyom shekaru miliyoyi.

Wani kaso na yuraniyom ɗin da ya haifi dattin nan daga Arlit ya fito, inda ake haƙarsa tun 1971. Tarkacen can bai kai na La Hague ƙarfi ba, gaskiya ne, amma miliyoyin tan ne, kuma ba gilashi aka saka shi ba, jibge shi aka yi a hamada kusa da gari.